Majalisi na 19: Mabuɗin Mamaci da Amanar da ke Cikin Akwati

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya ara mana rai da dukiya, ya kuma yanke ranar da zai karɓi abinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

 Yau mun kai azumi 19, goman ƙarshe ta ƙarato. Allah ya karɓi abin da ya wuce, ya ba mu ikon abin da ya saura.

Cikin tambayoyin da aka aiko mana gidan rediyo a wannan mako akwai ɗaya da muka ware mata majalisin yau gaba ɗaya. Mai tambaya ya ce mahaifinsa ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai suka tarar da wani ɗan mabuɗi a aljihun rigarsa, na akwatin ajiya da yake haya a banki. Shi ne babban ɗa, kuma tun mahaifin yana da rai ya yi masa takardar wakilci. Yana tambaya ko ya halatta ya je ya buɗe akwatin ya ɗauko abin da ke ciki ya adana wa ƙannensa, ba tare da ya sanar da bankin rasuwar ba, domin yana gudun wahalar takardu da yawon ofisoshi.

Ɗana, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka aikata. Amsar ita ce bai halatta ba. Ga dalilai, ka saurara da kyau, sauran jama'a ma su saurara, domin hukuncin bai tsaya kan banki kaɗai ba.

Ga wanda bai san irin wannan akwati ba, wani ƙaramin ma'aji ne na ƙarfe a cikin ɗaki mai tsaro, mutum yakan biya kuɗin haya ya ajiye zinariya ko takardun gida da gona ko wani abu mai daraja. Bankin yana tsaron akwatin, amma bai san abin da ke cikinsa ba. Iyayenmu suna da irin nasu. Wani yakan bizne tulu a ƙuryar ɗaki, wani yakan kulle adaka ya rataya mabuɗin a wuya, wani yakan kai ƙunshi wurin liman ko wurin attajirin unguwa ya ce a riƙe masa har ya dawo daga fatauci. A yau kuma ga kuɗin da ke cikin wayar salula, waɗanda ba su fita sai da lambar sirri. Tulu da adaka da akwatin banki da waya, duk hukuncinsu ɗaya ne ranar da mai su ya koma ga Allah.

Mas'ala ta farko ita ce wakilci. Wakili yana aiki ne da izinin wanda ya wakilta shi, a cikin dukiyar wanda ya wakilta shi. Da zarar rai ya fita, dukiyar ta tashi daga hannun mamaci, haƙƙin masu bashi da na magada ya rataya a kanta. Wanda ya ba da izinin ba ya nan, kuma dukiyar ba tasa ba ce yanzu. Shi ya sa malamanmu na mazhabar Malikiyya suka ce wakili ya sauka daga wakilcinsa idan ya san wanda ya wakilta shi ya rasu. Kai kuwa ka sani, da hannunka aka sa shi a kabari. Idan ka shiga banki da waccan takarda kana nuna kamar mai ita yana raye, ka haɗa laifi biyu: ka yi ƙarya da aikinka ko da bakinka bai furta ba, ka kuma sa hannu cikin dukiyar da uwarka da kishiyarta da ƙannenka suke da rabo a ciki ba da izininsu ba. Zama babban ɗa yana ɗora wa mutum nauyi, amma ba ya ƙara masa ko dala ɗaya a kan rabon ƙaninsa namiji. Dokar ƙasa ma a nan ta yi daidai da fiƙihu, domin takardar wakilci tana mutuwa da mutuwar mai ita.

Mas'ala ta biyu ta fi ta farko nauyi. Ba duk abin da aka tarar a akwatin mamaci ne gado ba. Shehu Halil, a ƙarshen Muhtasar ɗinsa, ya jera haƙƙoƙi biyar da suke bin abin da mamaci ya bari, kowane da matsayinsa. Na farko, haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar kayan da aka ba da jingina. Na biyu, kuɗin wanka da likkafani da kabari gwargwadon al'ada, ba tare da ɓarna ba. Na uku, basussuka. Na huɗu, wasiyya daga cikin sulusin abin da ya saura. Na biyar, magada. Ku duba inda magada suka zo, su ne na ƙarshe. Ajiyar mutane kuwa ba ta ma shiga lissafin dukiyarsa, domin tun asali ba tasa ba ce. Allah Maɗaukaki ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da mu mayar da amanoni ga masu su. Mutuwar mai riƙon amana ba ta kashe amanar, sai dai ta koma wuyan waɗanda ya bari.

Ku tuna daren hijira. Mushirikan Makka sun kewaye gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suna neman ransa, alhali kayansu masu daraja suna ajiye a wurinsa. Ya bar Sayyidina Aliyu a baya domin ya mayar wa kowa da ajiyarsa, sannan ya biyo shi Madina. Ajiyar maƙiyi ke nan. To ina ga ajiyar maƙwabciyarka musulma?

Za mu ba ku labarin wani abu da ya zo gabanmu shekarun baya, ba za mu ambaci suna ko unguwa ba. Wani alhaji ne ɗan kasuwa, mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kano da Kwatano, mutumin kirki, mutane suna kai masa ajiya. Ya rasu farat ɗaya. Babban ɗansa ya buɗe ma'ajinsa shi kaɗai da dare, da kyakkyawar niyya a iya saninmu. Abin da ya fito da shi bai kai abin da ƴan ɗaya ɗakin suke zato ba, sai zargi ya shiga. Ya zo wurinmu yana kuka ya ce, "Allah gafarta Malam, wallahi ban ɗauki ko allura ba." Muka ce masa, "Ɗana, mun gaskata ka, amma wa ya gani?" Ba shi da amsa.

Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta ce shekara da shekaru tana tara ribarta tana sayen zinariya kaɗan-kaɗan tana kai wa Alhaji, da nufin ta sauke farali. An tarar da ƙunshin zinariya a ma'ajin, amma babu suna a jikinsa, ita kuma ba ta da shaida, domin ta ce kunya ba ta bari ta nemi shaida a kan mutum kamar Alhaji ba. Magadan da zuciyarsu ta riga ta ɓaci da juna suka ce gado ne, aka raba. Bayan shekara uku, wani jikan marigayin ya ɗauko gafakar Alƙur'aninsa, sai ga wata ƴar takarda da rubutun ajami na hannun Alhaji, ya rubuta sunan tsohuwar da nauyin zinariyarta. Magada suka ji tsoron Allah suka tara suka biya. Amma ƴaƴanta aka ba, domin ita ta riga ta rasu ba ta ga Ka'aba ba. Ƴan'uwan nan kuma har yau gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba. Babu ɓarawo a cikin wannan labari, jama'a. Uba ya rubuta bai faɗa wa kowa inda ya sa rubutun ba, ɗa ya buɗe ba shaida, tsohuwa ta ba da ajiya ba shaida, magada suka yi gaggawar rabo.

Yanzu ku ji yadda magabata suka yi. Imamul Buhari ya kawo labarin Zubairu ɗan Awwam, Allah ya yarda da shi. Idan mutum ya kawo masa ajiya, yakan ce a mai da ita rance, domin yana tsoron ta ɓata. Hikimar ita ce, ajiya idan ta salwanta ba da sakaci ba, mai riƙo ba ya biya, amma rance dole a biya shi ko ta halin ƙaƙa. Ya zaɓi abin da ya fi nauyi a kansa domin dukiyar mutane ta tsira. A ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyya da biyan bashinsa. Da aka ƙidaya bashin sai ya kai 2,200,000. Abdullahi ya sayar da filin mahaifinsa na Gaba, wanda aka saya 170,000, a kan 1,600,000, ya yi ta biyan mutane. Da ya gama, ƴan'uwansa suka nemi a raba musu gado. Ya rantse ba zai raba ba sai ya yi shela a lokacin aikin hajji shekara 4 a jere, cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo. Sai da shekarun suka cika sannan ya raba, kuma Allah ya sa albarka a abin da ya saura har kowace daga matansa huɗu ta sami dukiya mai yawa. Ba mu ce ku jira shekara 4 ba, domin jinkirin rabo ba dalili shi ma zalunci ne. Amma a yi shela a masallaci da kasuwa, a ba mutane lokacin da labari zai kai gare su.

Malamanmu sun yi bayanin hukuncin abin da ake tararwa. Idan an sami ƙunshi da rubutu a jikinsa cewa na wane ne, kuma ya tabbata rubutun na mamacin ne ko na mai ajiyar, to mai shi ya ɗauki abinsa. Idan ajiyar ta tabbata amma aka neme ta aka rasa, mamacin kuma bai yi bayaninta ba, to a biya ta daga dukiyarsa, sai fa idan zamani ya yi tsawo kamar shekara 10, inda ake ɗaukar cewa ya riga ya mayar. Wannan duka alƙali ne ke tantance shi, ba magada da kansu ba, domin mai rabo a cikin abu ba ya zama alƙalinsa.

Akwai kuma wanda zai ce, "Baba ya ce sarƙar nan ko takardar gidan nan tawa ce." A mazhabarmu kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya rasu. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya ba ɗiyarsa Nana A'isha kyautar dabino daga gonarsa, ba ta kai ga karɓa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya sanar da ita cewa da ta karɓa da ya zama nata, amma yanzu ya zama na magada. Abin da ke kulle a akwatin uba, mabuɗi na aljihunsa har ya rasu, ba a karɓe shi ba. Kyautar da uba ya yi wa ƙaramin yaronsa ya kafa shaidu tana da nata bayani, a kai wa malamai. Wasiyya kuma ba a yin ta ga magaji, sai in sauran magada baligai sun yarda, kuma ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas.

Mu juyo ga iyayenmu mata. Sau da yawa mace takan ba mijinta zinariyarta ta sadaki ko ta gadon gidansu ya ajiye mata. Wannan dukiyarta ce, ba ta shiga rabo. Ku ƴaƴa, kada ƙiyayyar kishiyar uwa ta sa ku cinye haƙƙin matar ubanku. A saurare ta, a tambayi waɗanda suka san kayan, a bar alƙali ya yanke. Mai takaba tana zaman wata 4 da kwana 10 a gidan mijinta, kuma ya halatta ta fita da rana saboda buƙata ta dawo ta kwana ɗakinta, ko ta wakilta wanda ta amince da shi. Kada a fake da takabarta a buɗe akwati a bayan idonta. Idan kuma akwai mai juna biyu cikin matan, a dakatar da rabo har ta haihu.

To yaya za a yi? Hanyar a fili take. A karɓo takardar shaidar rasuwa daga ofishin magajin gari. A sanar da banki, shi kuma zai rufe akwatin ga kowa, wannan kariya ce ga maraya da mai rauni. Dangi su zauna, a ƙidaya magada duka ba a ɓoye kowa ba, har ɗan da ke wata ƙasa da matar da ke wani gari, a zaɓi wakilin magada. A kai gidan shari'a a tabbatar da wannan zama da sunayen magada. A ƙasarmu ta Nijar alƙali yana duba gado bisa al'adar masu shi, tare da masana da ke zama kusa da shi suna ba shi haske, don haka musulmi ba shi da dalilin gudun wannan ƙofa. Ranar buɗewa a je da magada ko wakilansu da shaidu adilai biyu. Duk abin da aka fitar a rubuta shi nan take, a auna zinariya, a ƙirga kuɗi, a karanta takardu, kowa ya sa hannu. Kuɗin hayar da ya taru, da ladar fasa akwatin idan mabuɗi ya ɓata, daga dukiyar mamaci za su fita.

Ga misali domin lissafin ya zauna. A ce duk abin da aka tarar ya kai sefa miliyan 15, kuma shi ke nan abin da mamacin ya bari. Miliyan 2 ajiyar wani ce, a mayar masa, saura miliyan 13. Jana'iza ta ci 100,000, bashi 2,300,000, saura 10,600,000. Ya yi wasiyyar miliyan 1 ga masallaci, ba ta kai sulusi ba, a fitar, saura 9,600,000. Ya bar mata 2 da uwa da ƴaƴa maza 3 da mata 2. Matan su raba sumuni, wato 1,200,000, kowace 600,000. Uwa ta ɗauki sudusi, 1,600,000. Saura 6,800,000 a kasa 8, kowane namiji 1,700,000, kowace mace 850,000. Da an raba miliyan 15 tun farko, da kowane magaji ya kai wa iyalinsa haramun yana zaton halal ce. Rabon yara ƙanana kuwa a damƙa shi ga wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa. Allah ya ba da labari a aya ta 10 ta Suratun Nisa'i cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikkunansu, ya kuma yi umarni a aya ta 6 da a kafa shaidu ranar da za a miƙa musu dukiyarsu.

Ɗana mai tambaya, ka ce kana gudun wahalar takardu. Wahalar wata biyu ko uku ta fi sauƙi a kan zargin da zai bi ka har kabari. Ka kuma tuna mahaifinka. Hadisi ya zo cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. An taɓa kawo gawa gaban Annabi, da ya ji akwai bashi a kanta kuma ba a bar abin biya ba sai ya ce sahabbai su yi mata salla, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a wuyansa sannan ya sallace ta. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in da ake kashe dukiya a kansu ba su sauke wa mamaci ajiyar mutane. Wanda ke son mahaifinsa ya fara da wannan.

Saura mu da muke raye, mu masu mabuɗai a aljihu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa bai kamata musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Mu Hausawa muna da son ɓoye dukiya, har matar mutum da ƴaƴansa ba su san abin da ya mallaka ba, muna kuma ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Mutuwa rigar kowa ce, rubutu ba ya matso da ita, rashinsa ba ya nisanta ta. Ba a ce ka tona asirinka ga duniya ba. Ka rubuta da ajami ko da boko abin da kake bi da abin da ake bin ka. Ka liƙa suna a jikin kowane ƙunshi na ajiya. Ka sanar da mutum biyu amintattu cewa akwai akwati a wuri kaza, takarda kuma tana wuri kaza. Kai mai kai ajiya, ka nemi shaida ko ƴar takarda, wannan bin umarnin Allah ne, babu rashin kunya a cikinsa. Wanda kuma ya san akwai kayan wani mamaci a hannunsa, magada ba su sani ba, to ga goman ƙarshe ta zo. Kada ya ɗaga hannu yana neman a ƴanta shi daga wuta alhali haƙƙin marayu yana ƙarƙashin gadonsa. Ya mayar kafin Salla.

Ya Allah ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, ka sauke musu nauyin da suka tafi da shi. Ka sa mu cika da imani ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Ka haɗa kan magada, ka tsare marayu da matan da aka bari, ka ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Allah ne mafi sani. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga bayanin i'itikafi da ladubbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.